Babi na Shida: Ina Dawakin Babur Suke Zuwa da Rana Tsaka?

Duk wanda ya daɗe yana neman abinci a kan babur ya san wannan ƙorafi. Da asuba mashin yana cikin ƙarfinsa, da an murɗa totur sai ya amsa. Kafin azahar kuwa ya yi nauyi, ga shan mai, hawa gada ma sai an sauko da giya. Mai shi ya tura shi gareji ya ce, "Maigida, a ɗan taɓa min kafireton nan." Bakanike ya murɗa nan ya murɗa can, ya kasa kunne, ya ce ya yi. Shin ƙarfin inji a cikin kafireto yake zaune, har da za a ƙara shi da murɗa ɗan noti? Idan ma an ƙara, ta yaya za a tabbatar, ba kunne ne ya yaudari mutum ba?

Za mu nemi amsar a Hartum da Umdurman, biranen da ke kallon juna a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu. Ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe. Hanyar Makka ta ƙasa ta nan ta bi da kakanninmu, wasu suka yi zamansu, garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu kuma waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Ɗaliban Najeriya da Nijar da suka yi karatu a Jami'ar Afirka da ke Hartum duk sun hau raksha, wato keke mai ƙafa uku ɗan Indiya, irin A Daidaita Sahu na Kano, wanda injinsa ɗan'uwan injin babur ne. Abin da ya sa wurin ya dace da darasinmu shi ne, zafi da ƙura da tsadar mai sun haɗu a can fiye da yadda suka haɗu a yawancin biranen duniya, su ukun nan kuwa su ne suke wahalar da kafireto.

Dokin da ake ƙirgawa

Injiniyan nan na Sikotilan, James Watt, shi ya tsayar da ma'aunin ƙarfin inji da doki a ƙarshen ƙarni na 18, don ya nuna wa masu sayen injinsa na tururi yawan dabbobin da zai hutar musu. Ma'aunin da kamfanonin Indiya da Japan suke yawan rubutawa a takardar babur ya ɗan gaza na Watt kaɗan, kuma ya fi sauƙin ganewa: doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 sama, tsawon mita ɗaya, a cikin daƙiƙa ɗaya. A lissafin lantarki ya kama wat 735 da ɗoriya. Boxer mai cc 100 da muka sani, takardarsa tana cewa dawaki 8 da 'yan kai, mai cc 150 kuma kusan 12.

Sai dai abubuwa biyu ne suke haɗuwa su haifi wannan adadi. Na farko ƙarfin murɗawa, wato yadda inji ke iya juya sandarsa ko da an danne ta, ana auna shi da niyuton-mita. Na biyu saurin juyi, wato sau nawa sandar ke zagayawa a minti ɗaya. A ninka na farko da na biyu, a raba da 9,549, sai a sami kilowat. Mu gwada da ƙaramin Boxer. A juyi 4,500 ƙarfin murɗawarsa ya kai ƙololuwa, kusan niyuton-mita 8, lissafi ya ba mu kilowat 3.8, wato dawaki 5. Sai ya kai juyi 7,500, yana kururuwa, sannan dawakin nan 8 suke cika.

To, wa yake tuƙa babur a juyi 7,500 a cikin cunkoson Kasuwar Libya da ke yammacin Umdurman? Babu. Mai raksha da ya ɗauko mata uku da kayan cefane, abin da yake buƙata shi ne ƙarfin tashi daga tsaye da ƙarfin tsakiya. Saboda haka adadin da ke takarda gaskiya ne, amma ba shi ne abin da ake ci da shi kullum ba. Ƙari a kan haka, a bakin sandar inji aka auna shi. Kafin ƙarfin ya ratsa kuloci da giya da sarƙa ya isa taya, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ya zube a hanya, idan sarƙar ta bushe ko ta saki ma ya fi haka.

Ma'aunin da ba kowa ke da shi ba

A 1821 wani Bafaranshe mai suna Gaspard de Prony ya ƙirƙiro hanya mai sauƙi ta auna ƙarfin inji. Ya ɗaura birki a kan sandar da ke juyawa, ya maƙala wa birkin doguwar sanda, ya rataya nauyi a ƙarshenta. Nauyin da ya hana sandar ɗagawa, a ninka da tsawonta, shi ne ƙarfin murɗawa. Na'urar zamani da ake kira dainamomita jikar wannan dabara ce. Ana ɗora tayar baya a kan wani ƙaton gangan ƙarfe mai sanannen nauyi, a ɗaure babur, a buɗe totur gaba ɗaya, kwamfuta ta lura da saurin da gangan ke ƙara gudu, ta zana layin ƙarfi tun daga ƙasa har ƙololuwa. Sau da yawa ana zura wani ɗan ma'auni a salansa, ya faɗi ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan a kowane mataki.

Na'urar tana da tsada, ba abin da za a tarar ba ne a rumfar gyaran raksha a unguwar masana'antu ta Umdurman, ko a Fagge ta Kano. Amma akwai abu ɗaya da ya kamata mu karɓa daga wurin masu ita. Ba sa taɓa faɗin sakamako ba tare da sun rubuta zafin iska da nauyinta a lokacin awon ba, sannan su gyara adadin zuwa wani yanayi da aka amince da shi. Ƙa'idar injiniyoyin Amurka ta ɗauki digiri 25, tsohuwar ƙa'idar Jamus kuma digiri 20. Sun san inji ɗaya yana iya ba da amsa biyu a rana ɗaya. Dalilin haka yana cikin aikin kafireto.

Aikin kafireto

Fetur ba ya ci shi kaɗai, sai da iska, kuma iskar ce mai yawa. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Lita ɗaya ta fetur ke nan tana haɗiye iskar da ta kai lita 9,000. Idan ƙarfi ake nema tsantsa, inji ya fi son man ya ɗan ɗara haka, wajen kashi ɗaya na mai ga kashi 12.5 ko 13 na iska. Idan tsimi ake nema, akan ɗan rage shi ƙasa da daidai. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu, fili ne ɗan ƙarami.

Wanda ya taɓa amfani da tsohon famfon fesa maganin sauro na hannu ya riga ya ga yadda kafireto ke aiki. Ana tura iska ta wuce da gudu a bakin wani siririn bututu, sai ruwan maganin ya hau da kansa ya fita a matsayin feshi. Haka abin yake a nan. Fistin ya sauka ya zuƙo iska, iskar ta bi ta maƙogwaron kafireto inda ya tsuke, ta ƙara gudu, matsinta ya ragu, sai fetur ya taso daga ɗan kwanon da ke ƙasa ya bi ta. Sunan Giovanni Venturi, masanin Italiya da ya yi bayanin wannan a 1797, shi aka sa wa maƙogwaron.

Ƙofar mai ba ɗaya ba ce, wannan kuwa shi ne abin da masu babur da yawa ba su sani ba. A kafireto irin na Keihin ko Mikuni da kwafinsu na Sin da Indiya, ƙaramin jet da notin da ke gefensa su ne ke ciyar da inji daga silo zuwa kusan kwatan totur. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce ke mulki, tana ɗagowa daga raminta tana buɗe wa mai hanya. Daga nan zuwa ƙarshe sai babban jet. A ƙarƙashinsu duka akwai fulot, mai tsayar da fetur a kan iyaka ɗaya cikin kwano. Idan fulot ya kauce, dukkan ƙofofin sun kauce tare da shi. Notin nan da bakanike ke murɗawa a gefen titi, ikonsa bai wuce silo da farkon tashi ba. Babur da ke shaƙewa a kan gadar Farin Nilu da rabin totur, ko an kwana ana murɗa wannan notin ba zai warke ba.

Iskar Hartum

Hartum tana kan tudun da ya kai mita 380 daga doron teku, Kano ta ɗan fi ta. A watan Janairu zafin asuba yakan sauka wajen digiri 15. A watan Mayu kuwa, digiri 42 da rana abu ne na kullum. Iska idan ta yi zafi buɗewa take yi, lita ɗaya ta rage nauyi. Idan aka yi lissafi, iskar azahar ta Mayu ta fi ta asubar Janairu sauƙi da kusan kashi 9 cikin 100. Silinda ba ta ƙara girma don rana ta take, cc 100 ɗin nan dai za ta zuƙa, amma abin da ke ciki ya ragu. Idan aka gwada da yanayin da kamfani ya yi awonsa, tudu da zafi a haɗe suna cinye kashi 5 zuwa 6 na ƙarfin, kusan rabin doki ke nan a babur mai dawaki 8. Babu bakanike a duniya da zai dawo da wannan rabin dokin da noti.

Matsala ta biyu ita ce kafireto bai san nauyin iska ba, gudunta kawai yake ji. Idan iska ta rage nauyi da kashi 9, man da yake zuƙowa ba ya raguwa daidai da haka, sai haɗin ya karkata wajen yawan mai da kusan rabin wannan adadi. Ga iska ta ragu, ga mai ya yi yawa a kan wadda ta rage. Amsar tambayar da ke taken wannan babi ke nan. Direban da ya taso daga Port Sudan a bakin teku ya hau tsaunukan Erkowit zai ji irin wannan nauyin, haka ma wanda ya hau Jos daga Kano, domin kowace mita 300 ta hawa tana rage wa inji kusan kashi 3.

Babura masu fesa mai da kwamfuta suna auna zafi da matsin iska su gyara kansu. Indiya ta koma kansu sosai tun da ta tsaurara dokar hayaƙi a Afrilun 2020, amma yawancin abin da ake turowa kasuwannin Afirka har yanzu mai kafireto ne, don ya fi arha kuma ana gyara shi a ko'ina.

Ƙura

Daga Mayu zuwa cikin damina, guguwar habub takan taso wa Hartum, bangon ƙura ja ya rufe gari har rana ta dushe. Ko babu habub, titunan cikin unguwanni irin su Umbadda ƙasa ce. Duk lita 9,000 ɗin nan ta iska sai ta ratsa matatar iska, wadda a ƙananan babura soso ce ko takarda. Idan ta toshe, inji yana zuƙa da wahala, zuƙar ta koma kan jet, mai ya ƙara yawa, tamkar an ja cok an manta. Fulogi ya yi baƙi, salansa ta fara hayaƙi, tanki ya riƙa ƙarewa da wuri.

A ganina, mafi yawan kafireton da ake zargi a garuruwa masu ƙura ba su da laifin komai, soson ne ya cika. Abin takaici, maganin da wasu ke yi shi ne su cire matatar gaba ɗaya ko su huda ta. Nan take babur ya buɗe, ƙararsa ta yi daɗi, mai shi ya tafi yana murna. Ƙurar kuwa yashi ce, tana shiga silinda tana cin ringi da bangon silinda, bayan 'yan watanni matsin inji ya zube, baƙin mai ya fara ƙonewa. Garin gyaran gira an rasa ido.

A matse shi, mai ya yi tsada

Sudan ta buɗe matatar mai ta Jaili a arewacin Hartum a shekarar 2000, ta yi shekaru fetur yana da arha. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ake haƙowa. Rage tallafin mai ya jawo zanga-zangar Satumban 2013, dogayen layuka a gidajen mai suka zama ruwan dare tun daga 2018, a Yunin 2021 aka cire tallafin fetur gaba ɗaya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya watsa miliyoyin mutane daga babban birnin, matatar Jaili kanta ta kama da wuta a Janairun 2025.

Mai raksha a irin wannan hali abu ɗaya yake roƙo a gareji: a rage masa shan mai. Sai a sauke allura, ko a sa jet ƙarami. Idan da ma man ya yi yawa saboda zafi, ragewa kaɗan daidai ne. Haɗarin yana wajen wuce gona da iri. Haɗin da mai ya yi masa kaɗan yana sa kan silinda da bawul su yi zafi fiye da kima, ga shi injin iska ce ke sanyaya shi, a cikin cunkoso kuma iskar ba ta kaɗawa. Inji ya fara ƙwanƙwasa, bawul ɗin salansa ya ƙone, wani lokaci fistin ya huje. Akwai kuma tarkon yanayi. Kafireton da aka matse daidai da azahar ta Mayu, idan asubar Janairu ta zo da iskarta mai nauyi, zai wayi gari man ya yi masa kaɗan ƙwarai.

Man 'yan bumburutu na jarka da kwalba yana zuwa da nasa matsalolin: ruwa, tsatsa, wani lokaci gauraye. Ramin ƙaramin jet bai kai rabin milimita ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Wanda ya dawo gida bayan yaƙi ya lafa a Hartum, idan ya yi sa'ar tarar da mashin ɗinsa, zai samu tsohon fetur ya bushe ya bar danƙo a kwano. Wankewa yake so da hura iska. Kada a yarda a zura wa jet waya. Tagulla ce mai laushi, kuma idan faɗin ramin ya ƙaru da kashi 10, filin da mai ke bi ya ƙaru da kashi 21, an canja jet ke nan ba a sani ba.

Awo da abin da ke hannu

Wayar hannu tana da agogon gudu, kuma ta isa. A sami miƙaƙƙen titi marar cunkoso, a ɗumama inji na minti goma, a sa giya ɗaya, a ce ta uku, a daidaita gudu a kilomita 30, sannan a buɗe totur gaba ɗaya har allura ta taɓa 60. A rubuta daƙiƙun. A juyo a sake ta ɗaya ɓangaren don a soke tasirin iska da gangara, a maimaita sau uku a ɗauki matsakaici. Direba ɗaya, iskar taya ɗaya, lokaci ɗaya na yini. Wannan ba zai faɗi yawan dawaki ba, amma zai faɗi ko gyaran jiya ya ƙara ko ya rage, abin da muke nema ke nan. Shan mai kuma, a cika tanki har baki, a rubuta kilomita, a yi aikin yini, a sake cikawa a raba.

Kafin a kai hannu ga kafireto, sai an tabbatar da sauran. A wanke matatar iska ko a canja ta. A duba tazarar bawul da inji a sanyaye, wadda a yawancin ƙananan injuna ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.10 ba, takardar kamfani ce za ta faɗi ainihi. A auna matsin silinda idan akwai ma'auni. A duba robar da ta haɗa kafireto da inji, domin zafi yana tsattsaga ta, iska ta riƙa satar hanya. Injin da ringinsa ya cinye, babu jet ɗin da zai tashe shi.

Daga nan a yi wa hannun totur alama da fenti ko salatif: kwata, rabi, kashi uku, cikakke. Yanzu mai babur zai iya cewa a wane mataki matsalar take, bakanike kuma ya san ƙofar da zai nufa. Idan inji ya ɗumama, aka ɗan ja cok ya ji daɗi, mai ne ya yi kaɗan. Sauran alamun haka su ne harbi a salansa idan an saki totur, da silo mai jinkirin sauka. Idan kuwa babur ya fi lafiya da sanyinsa, yana ɗaukar zafi ya fara burbura da hayaƙi baƙi, mai ne ya yi yawa. Ga babban jet akwai tsohuwar dabara: a cikakken totur a ɗan sassauta kaɗan, idan mashin ya ƙara ja maimakon ya rage, jet ɗin ya yi ƙanƙanta.

Notin gefe iri biyu ne, kuma nan ake yawan ruɗewa. Wanda ke ɓangaren matatar iska, iska yake sarrafawa, sassauta shi yana rage mai. Wanda ke ɓangaren inji, mai yake sarrafawa, sassauta shi yana ƙara mai. A ɗaure shi a hankali har ya taɓa, kada a danne, a dawo da shi juyi ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan a riƙa motsa shi kwata-kwata har a sami inda silo ya fi tsayi da santsi, a sauko da shi wajen juyi 1,400 da notin silo. Allura kuma, idan mai tsagogi ce, sauke kilif ɗinta mataki ɗaya yana ɗaga ta, mai ya ƙaru. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci ɗaya, a koma titi da agogo. Wanda ya canja jet da allura da noti a zama ɗaya, ko ya dace bai san abin da ya yi aikin ba, gobe kuma ba zai iya maimaitawa ba.

Fulogi shi ne shaida na ƙarshe. A yi gudu a matakin da ake bincike, a kama kuloci a kashe inji nan take ba tare da an bar shi ya yi silo ba, a kwance a duba. Ruwan ƙasa mai haske lafiya ce, baƙin toka yawan mai, fari fat kuma gargaɗi. Amma idan baƙin da aka gani jiƙaƙƙe ne mai maiƙo, maganar ta bar hannun kafireto, baƙin mai ne ke hawowa ɗakin wuta. Yadda wannan man ke tsinkewa a zafin digiri 42, da ma'anar lambobin da ke jikin galan ɗinsa, da dalilin da ya sa tsohuwar raksha mai haɗa mai da fetur take hayaƙi shuɗi, su ne za mu duba a babi na bakwai.